Yadda Ake Zaɓa da Haɗa Monita Biyu ko Uku Don Aikin Lissafin Haraji

Mai aikin haraji kullum abu uku ne a gabansa. Akwai takardar da lamba ta fito daga cikinta, wato rasit, bayanin asusun banki ko jadawalin albashi. Akwai Excel ko manhajar akanta inda ake yin lissafin. Sai kuma shafin hukuma inda za a shigar da sakamakon, ko shafin hukumar tara haraji ta tarayya, ko shafin hukumar tara haraji ta jihar Kebbi ko ta Zamfara. Wanda ke da allo ɗaya dole ya riƙe lamba a ka, ya sauke wannan taga, ya ɗago waccan, sannan ya rubuta. A wannan ɗan tsakanin ne 1,560,000 ke rikiɗewa ta koma 1,650,000. Aikin monita ta biyu shi ne ido ya ga inda lamba ta fito da inda za ta sauka a lokaci guda, kuma duk shawarar da ke tafe a kan haka aka gina ta.

Ka zaɓi lokacin yin wannan gyara da kyau. Harajin albashi na PAYE ana biyansa kafin 10 ga wata mai bi, bayanin VAT kafin 21 ga wata, bayanin shekara na masu ɗaukar ma'aikata kafin 31 ga Janairu, na ɗaiɗaikun mutane kafin 31 ga Maris, kamfanin da shekarar lissafinsa ke ƙarewa a Disamba kuma yana da zuwa 30 ga Yuni. Makon ƙarshe na Oktoba ko na Nuwamba ya fi dacewa da kwance tebur da gwajin kaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: ka juya kwamfutarka ka ƙirga ramuka

Kafin a yi maganar kasuwa, a duba bayan kwamfuta, ko gefenta idan ta tafi-da-gidanka ce. Kowace monita tana buƙatar raminta na hoto daban. Ramukan da za ka iya gani su ne:

HDMI, wanda kowa ya sani daga talabijin da dikoda. DisplayPort, mai kama da HDMI sai dai kusurwarsa ɗaya ce kawai a yanke. VGA, shuɗi mai ƙananan ramuka 15. DVI, fari mai faɗi, a tsofaffin kwamfutoci. Sai USB-C, kuma a nan ake yawan asarar kuɗi, domin ba kowane ramin USB-C ke fitar da hoto ba. Wanda ke da alamar walƙiya ta Thunderbolt ko alamar harafin D a gefensa yana fitarwa. Idan babu alama, ka nemi lambar samfurin kwamfutar a intanet ka karanta bayaninta kafin ka sayi kebul.

Kwamfutocin tebur na ofis da suka cika shagunan tokumbo, irin su Dell OptiPlex, HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, yawancinsu suna zuwa da DisplayPort biyu, wasu da ƙarin HDMI ko VGA. Monita biyu ba sa ba su wahala, kuma ba sai ka sayi katin hoto na daban ba. Katin da ke cikin na'urar Intel ya ishi Excel da PDF da burauza. Wanda ya ce maka sai katin masu wasan gem, kayansa yake so ya sayar.

Idan har za ka sayi kwamfutar ma, ka tsaya a kan Intel Core i5 na zubi na 8 zuwa sama, RAM mai gigabait 16, da ma'ajiyar SSD. Dalilin zubi na 8 shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida ba ta hawa kan na'urar da ta gaza haka. Kwamfutar da ke ɗauke da lambobin haraji da albashin mutane ba ta dace da manhajar da aka daina toshe mata ɓaraka ba. RAM ɗin kuma saboda mai monita biyu yakan bar tagogi da yawa a buɗe, gigabait 8 kan cika da wuri.

Ga kura-kurai huɗu da ke faruwa a wannan mataki.

Akwai ɗan akwatin da ke raba HDMI ɗaya zuwa biyu, wanda gidajen kallon ƙwallo ke amfani da shi. Hoto ɗaya yake kwafa ya aika wa allo biyu. Ba zai taɓa ba ka Excel a dama da rasit a hagu ba, komai tsadarsa.

Kebul mai DisplayPort a kai ɗaya da HDMI a ɗaya kan hanya guda yake bi: daga DisplayPort na kwamfuta zuwa HDMI na monita. Ka juya shi, allo zai zauna baƙi. Daga HDMI na kwamfuta zuwa DisplayPort na monita sai da adafta ta musamman mai shan wuta ta USB.

VGA yana aiki, amma tsohon salon aika hoto ne, kebul mai tsawo ko maras kyau yana sa rubutu ya yi inuwa. Mai kallon fim ba zai damu ba. Mai bambance 3 da 8 a ƙaramin rubutun banki zai sha wuya. Ka bar shi sai in babu wata hanya.

Na huɗu ya shafi masu MacBook Air: masu na'urar M1 da M2 monita ɗaya tak suke ɗauka daga waje, sai dai a bi ta adaftar DisplayLink, wadda ke aika hoto ta ramin USB.

Kwamfutar tafi-da-gidanka mai HDMI ɗaya kacal tana da mafita uku. Ka yi amfani da allonta a matsayin na biyu, wanda ba ya cin ko kwabo. Ko ka sayi tashar haɗi ta USB-C idan raminka yana fitar da hoto. Ko ka sayi adaftar DisplayLink da ke bi ta USB na gama-gari, sai dai tana buƙatar a saka mata direba, wato 'yar manhajar da ke sarrafa ta, kuma tana ɗan ƙara wa na'ura nauyi. Ga aikin takardu wannan nauyin ba ya damun kowa.

Mataki na biyu: biyu ko uku?

Biyu sun ishi mafi yawan masu wannan aiki. Ta uku tana da amfani ga wanda ke daidaita asusu duk yini, inda bayanin banki, littafin kuɗi da shafin hukuma za su kasance a buɗe tare, ko mai kwatanta bayanin bara da na bana yayin da yake cike sabo. Wanda aikinsa PAYE ne na 'yan makarantu masu zaman kansu da VAT na 'yan shaguna, ta uku za ta zama wurin WhatsApp ne kawai, tana shan wat 20 a banza. Ka fara da biyu, ka bar wuri a tebur. Bayan ka wuce Janairu da Maris za ka san ko akwai buƙatar ƙari.

Akwai doguwar monita mai inci 34 da fiksel 3440 × 1440, wadda ake raba ta gida biyu. Tana da kyau ga jadawalin albashi mai ginshiƙai da yawa. Aibinta a nan shi ne idan ta lalace a Yauri ko Talata Mafara ana saura kwana biyu wa'adi ya cika, ka rasa komai lokaci guda. Mai monita biyu in ɗaya ta mutu zai lallaɓa da ɗayar.

Mataki na uku: girma da kaifin rubutu

Girman allo da yawan fiksel abu biyu ne daban, kuma mai shago zai fi ambaton girman. Fiksel su ne ɗige-ɗigen da ke haɗa hoto. Yawansu ne ke nuna layuka nawa za ka gani, cinkosonsu a cikin inci ɗaya kuma shi ke nuna kaifin rubutu.

Inci 24 mai 1920 × 1080 yana da fiksel kusan 92 a inci. Wannan shi ne daidai ruwa daidai tsaki. Inci 27 mai 2560 × 1440 yana da kusan 109, rubutu ya fi kaifi, wuri ya fi yawa. Inci 27 mai 1920 × 1080 kuwa ya sauko zuwa kusan 82: allo ya ƙaru, layuka ba su ƙaru ba, rubutu ya yi kauri da gefe mai kaushi. Kada girmansa ya ruɗe ka.

A Excel kowane layi yana cin fiksel 20 idan ba a taɓa shi ba. Allon 1080 zai nuna maka layuka wajen 37, na 1440 wajen 55. Akwai kuma monita mai inci 24 da 1920 × 1200, kamar Dell U2412M da U2415, waɗanda ƙarin fiksel 120 ɗinsu ke ba ka layuka shida. Ka lura dai U2412M ba ta da HDMI, sai DisplayPort, DVI da VGA.

4K, wato allo mai fiksel 3840 × 2160, a inci 27 yana da kyan gani, amma dole a ƙara girman rubutu zuwa kashi 150, sai ka koma daidai wurin da 1440 ke ba ka. Wasu tsofaffin manhajojin akanta ma sukan yi dishi-dishi idan an ƙara musu girma haka. Kuɗin ya fi amfani a batir.

Ka nemi gilashi nau'in IPS. Nau'in TN mai araha yana sauya launi da zarar ka kalle shi ta gefe, kuma idan ka tsayar da shi a tsaye abin ya fi muni, domin idon dama da na hagu za su riƙa ganin haske daban. Fuskar allon ta zama marar sheƙi, saboda hasken ranar da ke shigowa ta taga. Maganar 144Hz, wato saurin sabunta hoto, ta masu gem ce, 60Hz ya wadatar.

Su biyun su zama samfuri ɗaya in da hali. In babu, aƙalla girma da fiksel su zo ɗaya. Idan suka bambanta, taga takan kumbura ko ta tsuke duk lokacin da ka ja ta daga wannan allo zuwa wancan, farin wannan kuma ya fi na wancan, ido ya yi ta gyara kansa har yamma.

Talabijin fa? Yawancin masu inci 32 na araha 1366 × 768 ne, wato ƙasa da ƙaramar monita, kuma sukan yanke gefen hoto su dama jan rubutu. Tana da amfani idan za a rataye ta a bango don nuna wa mai hulɗa lissafinsa. Ba ta aikin yini ba ce.

Mataki na huɗu: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye

Wannan shi ne tsarin da ya fi dacewa da harkar haraji. Rasit, wasiƙar hukuma, takardar shaidar biyan haraji da bayanin banki duk a takardar A4 suke, mai santimita 21 a faɗi da kusan 30 a tsawo. Monita mai inci 24 da aka tsayar tana da faɗin kusan santimita 30 da tsawon 53, don haka shafi guda zai fito gaba ɗayansa, har ya fi na takarda girma, ba sai an yi ta gungurawa ba. Ta kwancen kuma ta ɗauki Excel.

Saboda haka ka nemi monita mai ƙafar da ke hawa da sauka kuma tana juyawa, kamar jerin P da U na Dell ko jerin E na HP. In ƙafar ba ta juyawa, ka duba bayanta ko akwai ramukan kusoshi huɗu na VESA, masu tazarar milimita 100 ko 75, don a ɗaura ta a hannun ƙarfe da kusoshin M4. Monitar da ba ta da ko ɗaya cikin biyun nan, yadda ta zo haka za ta zauna.

Ka auna tebur kafin ka fita. Biyu masu inci 24 a kwance suna cin wajen santimita 110, masu inci 27 wajen 125, ɗaya kwance ɗaya tsaye wajen 90. Zurfin tebur kada ya gaza santimita 60, 70 ya fi. Hannun ƙarfe mai matsewa yana tara nauyin duka a wuri guda, teburin katakon garin-katako kan tsage. Kafinta ya sa maka guntun katako mai ƙarfi a sama da ƙasa inda za a matse.

Wadda ka fi aiki a kanta ta zauna daidai gabanka, ɗayar a gefe a ɗan karkace. Wanda ya raba su daidai, mahaɗarsu a saitin hancinsa, wuyansa a murɗe zai yini. Tazara kimanin tsawon hannu, santimita 50 zuwa 70, saman allo kuma daidai ido ko ƙasa kaɗan. Taga ta kasance a gefenka. A bayanka tana haska allo, a gabanka tana kashe ido.

Mataki na biyar: wuta

A nan ne tsarin da ya yi kyau a takarda ke faɗuwa. Kebbi da Zamfara duka suna ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Kaduna, kuma kowane ofis ya san dole ya tanadi abin da zai riƙe shi idan an ɗauke. Ka yi lissafin kamar yadda kake yi wa mai hulɗa.

Monita mai inci 24 tana shan wat 15 zuwa 25, mai inci 27 wajen 25 zuwa 40. Ƙaramar kwamfutar ofis wajen 40 zuwa 60 a irin wannan aiki. Na'urar intanet wajen 10. Jimilla da monita biyu masu inci 24, a ce wat 110.

Ƙaramin UPS, wato akwatin batir da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, mai 650VA batirinsa yawanci bolt 12 ne da 7Ah. Da wannan nauyi mintoci kaɗan zai ba ka, isassu ka adana aiki ko a tayar da janareta. Ka sa kwamfuta, na'urar intanet da monitocin duka a kansa. Wasu kan bar monita ta biyu a soket ɗin bango, sai wuta ta ɗauke, Windows ta ga allo ɗaya ya ɓace, ta kwashe tagogi duka ta zuba a ɗayan ana tsakar shigar da lamba. Firinta mai leza kuwa kada ta kusanci UPS, domin lokacin da take ɗumama kanta tana jan wat ɗaruruwa, sai ta kashe komai.

Mai inbata ga lissafinsa. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 1,200. Inbata ta ci nata, a ce saura 1,000. Raba da 110, ka samu awa 9 ko ƙasa kaɗan. Ka kunna fankar sama mai wat 70, ya sauko zuwa awa biyar da rabi. Rage hasken monita zuwa kashi 30 ko 40 yana rage shan wuta sosai, kuma ya fi wa ido daɗi a cikin ɗaki.

Monitocin zamani suna karɓar bolt 100 zuwa 240, don haka raunin wuta bai cika kashe su ba. Abin da ke ƙona su shi ne tsallen wuta lokacin da aka dawo da ita, ko lokacin sauyawa zuwa janareta, ko tsawa da damina. Ka sa soket mai kariya daga tsallen wuta, ka tabbata ginin yana da wayar ƙasa ta gaske, ka zare filogi idan an tashi aiki.

Zafi ma yana cikin lissafi. Yawancin monitoci an yi su ne su yi aiki har digiri 40, Birnin Kebbi da Gusau kuwa suna haura haka a Maris da Afrilu, daidai lokacin da aiki ya fi yawa. Ka bar tazarar santimita 10 tsakanin bayansu da bango. Batirin UPS ya fi su jin jiki, domin duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa. Ka gwada shi kafin Janairu ta hanyar zare filoginsa kana kallon agogo. Da hunturu kuma a riƙa rufe monita da ƙyalle bayan ta huce. Wajen goge ƙura a fara kaɗe ta, sannan a shafa da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa. Goge busasshiyar ƙura da ƙarfi yana karce gilashi, fesa ruwa kai tsaye kuma yana gangarawa ya shiga ta ƙasan allo.

Mataki na shida: gwaji a shago

Ka tafi da kwamfutarka da kebul ɗinka, musamman idan tokumbo za ka saya. Ka shirya hotuna biyar na launi zalla: fari, baƙi, ja, kore da shuɗi. Ka cika allo da kowanne. Fari yana tona ɗigon da ya mutu da rawaya-rawayan tsufa, baƙi yana tona hasken da ke yoyo ta gefe da ɗigon da ya maƙale. Ka gwada kowane rami, ka ɗan girgiza kebul ka ga ko hoto zai yanke. Ka bar ta a kunne minti 20, saboda wadda allon wutarta ya gaji takan yi lafiya da farko, sai ta yi ɗumi ta fara ƙyaftawa. Ka buɗe Excel na gaske ka karanta ƙaramin rubutu. Ka juya ƙafar, ka danna maɓallan duka. A rubuta maka lambar jikin kowace monita da kwanakin garanti a rasit.

Mataki na bakwai: haɗawa da saiti

Ka haɗa ɗaya tukuna ka ga ta kawo, sannan ta biyu. Danna maɓallin Windows da P tare, ka zaɓi Extend. Duplicate hoto ɗaya zai nuna a duka biyun. Ka shiga Settings, System, Display, ka danna Identify, lamba za ta fito a kowane allo. Ka ja akwatunan su zauna yadda monitocin suke a tebur, in ba haka ba linzami zai fita ta dama ya ɓullo ta hagu. Ka zaɓi ta tsayen ka mai da Display orientation zuwa Portrait. Kowace ka bar ta a fiksel ɗin da aka rubuta wa Recommended. In rubutu ya yi maka ƙanana, Scale za ka ƙara zuwa 125, kada ka rage fiksel, domin hakan ke kawo dishi-dishi.

Windows da Shift da kibiyar dama ko hagu suna jefa taga zuwa ɗaya allon. Windows da kibiya kaɗai suna manna ta a rabin allo. Tun daga Excel 2013 kowane fayil yana buɗewa a tagarsa. Idan shafi biyu na fayil ɗaya kake son gani, ka shiga View ka danna New Window, ka ja sabuwar tagar zuwa ɗaya allon. Abin da ka gyara a nan zai bayyana a can nan take. Ka tsayar da ƙa'ida guda, misali tushe a hagu, inda ake shigarwa a dama, kuma fayilolin mai hulɗa ɗaya kawai a buɗe a lokaci guda. Yawan fili yana jawo wani sabon kuskure, wato zuba lambar wannan kamfani a shafin wancan.

Sirrin masu hulɗa ma yana cikin tsari. Allo biyu sun fi ɗaya tona asiri, kuma lambar haraji, NIN da albashin mutane suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023. Bayan monitocin ya fuskanci ƙofa da kujerar baƙo. In Alhaji ya zo duba lissafinsa, ka rufe na kowa, ka juyo masa allo ɗaya. Za ka tashi salla, danna Windows da L. A taron intanet kuma taga ɗaya za ka nuna, kada ka nuna allo gaba ɗaya.

In an samu matsala

Monita ta rubuta babu sigina: ka duba da maɓallanta ko tana sauraron ramin da ka sa kebul, sannan ka musanya kebul ɗin da na ɗayar don gane mai laifi. Kwamfutar da ke da katin hoto na daban, ramukan katin ake amfani da su, na sama kusa da USB sau da yawa a kashe suke. Hoto yana ɗaukewa daƙiƙa biyu ya dawo duk lokacin da firij ko fanka ta tashi: yawanci kebul maras kariya ne ko rashin wayar ƙasa, ka sauya kebul gajere mai kauri wanda bai wuce mita biyu ba. Linzami yana jan ƙafa a allon 4K: tsohon HDMI 1.4 ne ya tsayar da shi a 30Hz, ka koma DisplayPort. Baƙin rubutu ya yi toka-toka ta HDMI: kwamfuta ta ɗauki monitar a matsayin talabijin, ka shiga saitin katin hoto ka mai da zangon launi zuwa Full. Allo ya daskare bayan kwamfuta ta farka daga barci: danna Windows, Ctrl, Shift da B tare, za ka ji ƙara kaɗan, direban hoto ya sake tashi ba tare da ka rasa abin da ke buɗe ba. Ka ajiye kebul ɗin HDMI ɗaya da na DisplayPort ɗaya a durowa, waɗanda ka riga ka gwada su a kan monitocin duka biyu.